INSHORAR LAFIYA DA "AIKIN KWALLIYA": TARIHIN KALMAR DA TA KUSA HANA 'YATA RIƘE BIRO



Kwanakin nan ana ta ce-ce-ku-ce a kan matan da ke zuwa Legas ko Turkiyya a yi musu tiyatar gyaran jiki, a rage tumbi, a ƙara nan a rage can. A cikin muhawarar na ga ana tambaya: idan mutum yana da inshorar lafiya, za ta biya masa kuɗin gwaje-gwajen da ake yi kafin irin wannan tiyata? Mutane da yawa dariya suka yi, suna cewa wannan matsalar masu kuɗi ce, ina ruwan talaka. Ni ban yi dariya ba, domin tambayar ta taɓa biyo ni har gida nan Zango. Rubutun yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta.

Shekarun baya, a cikin hunturu, 'yata ta uku ta faɗa kan kaskon wuta wajen jin ɗumi. Ƙunar ta warke, amma fatar ta tsuke, yatsu uku na hannun dama suka lanƙwashe suka manne da tafin hannu. Da ta isa shiga firamare sai aka ga ba ta iya riƙe biro. Likita ya ce aiki za a yi, a saki fatar, a yanko wata daga cinya a dasa. Ya rubuta mana gwaje-gwaje, ya tura mu sashen da ake kira "filastik". Na kai takardar teburin inshora (ba zan faɗi asibitin ba, ba kuma zan faɗi masu inshorar ba, ba tonon asiri na zo yi ba). Yaron da ke teburin ya duba ya ce, "Yallaɓai, ai wannan aikin kwalliya ne, ba ya ciki. Tunda aikin ba ya ciki, gwajinsa ma ba ya ciki." Na ce, "Ɗan'uwa, dubi hannun yarinyar nan, wace kwalliya ka gani?" Ya ce shi abin da ke rubuce yake bi.

A hanyar komawa gida uwarta ta ce mini, "Abban yara, to kuɗin da ake yanka maka duk wata na mene ne?" Ban iya ba ta amsa ba a ranar. Abin da ya sa na shiga bin tarihin abin ke nan.

KAFIN A SAN INSHORA

Haɗa ƙarfi don ranar wuya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mun taso mun tarar da gayya a gona, da adashe, da gudummawar biki da ta rashin lafiya. Idan mutum ya kwanta, dangi ne inshorarsa: wannan ya sayar da akuya, wancan ya kawo damin gero. Mai wuƙar da muka sani a da shi ne wanzami. Shi ke kaciya, shi ke ƙaho, shi ke cire beli, shi kuma ke yin tsagar gado da zanen ado a fuska. Ke nan tun fil azal mun san yankan magani, mun san yankan ado, kuma ba mu taɓa ɗaukar su abu guda ba.

Addini ma ya raba su. Malamai na kawo labarin sahabi Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa, ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya, alhali zinariya haramun ce ga namiji. Daga nan malamai suka fitar da cewa kawar da aibi daban, neman ƙarin kyau ta hanyar canza halitta daban. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Malesiya a 2007 ta tabbatar da wannan bambanci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Inshorar lafiya irin ta gwamnati kuwa a Jamus aka faro ta, a 1883, zamanin Bismarck. Ma'aikaci ya zuba, mai ba shi aiki ya zuba, wanda ya kwanta a yi masa magani daga asusun. Ingila ta bi wata hanya a 1948, ta ce haraji zai biya wa kowa. Mu nan abin da muka gada daga Turawa shi ne asibitin gwamnati da disfensaren En'e, inda ma'aikaci da iyalinsa ba sa biya, talaka ma abin da yake biya kaɗan ne.

SHEKARA 43 ANA JAN ƘAFA

An fara maganar inshorar lafiya a Najeriya tun 1962, lokacin da Dokta Moses Majekodunmi yake ministan lafiya. Ya kai ƙuduri majalisa, bai wuce ba. Aka bar maganar, musamman da kuɗin fetur suka zo a shekarun 1970, gwamnati na ganin za ta iya yi wa kowa magani kyauta.

Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 sai asibitoci suka bushe. Iyayenmu suna tuna lokacin da likita zai rubuta magani ya ce a je kemis. A 1984, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, ministan lafiya Patrick Koshoni ya kafa kwamiti ya duba yadda za a samo kuɗin lafiya, aka sake tado maganar inshora. Babangida ya zo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, biyan kuɗi a asibiti ya zauna daram. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya sake kafa wani kwamitin a 1988. Sai a 1999, daf da Janar Abdulsalami Abubakar zai miƙa mulki, aka yi doka mai lamba 35 da ta kafa hukumar NHIS. Ko da aka yi dokar ma, sai ranar 6 ga Yuni 2005 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin. Daga 1962 zuwa 2005, shekara 43 ke nan.

A takarda tsarin shi ne: gwamnati ko kamfani ya zuba kashi 10 cikin 100 na gundarin albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5. A rufe ma'aikaci, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A wajen magani mara lafiya ya biya kashi 10 na kuɗin. Tsakanin hukuma da asibiti aka sa kamfanonin da ake kira HMO, su ke biyan asibiti, su ke kuma ba da lambar izini kafin a tura ka wurin babban likita. Duk wanda ya san gidajenmu ya san "mata ɗaya da 'ya'ya huɗu" ba da mu aka auna ba. Ni kaina sai da na zauna na zaɓi waɗanda zan rubuta a cikin 'ya'yana, abin da ba uban da zai so yi.

Kowace inshora a duniya tana da jerin abin da ba ta biya, don asusun ba rijiya ce marar ƙasa ba. A jerin namu akwai dashen ciki na kwalba, akwai wasu ayyukan haƙori na ado, akwai tiyatar kwalliya. Manyan hotuna irin su CT da MRI kuma rabi ake biya. Ba ni da ja a kan cire kwalliya. Matsalar ita ce sashe ɗaya ne a asibiti yake yin kwalliya yake kuma gyara ƙuna, kuma sunansa ɗaya.

INA KALMAR TA SAMO ASALI?

Da yawanmu in muka ji "filastik" roba ke faɗo mana a rai. Kalmar ta girmi roba nesa ba kusa ba. Daga harshen Girka take, ma'anarta a mulmula abu a fitar da siffa, kamar yadda mai ginin tukunya ke yi da yumɓu. Tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani likitan Indiya mai suna Sushruta ya bayyana yadda ake sake gina hanci ga wanda aka yanke wa.

Ilimin na zamani kuwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsaya da ƙafarsa. Sojoji na cikin ramuka, kai kaɗai ke leƙowa, harsashi da ɓaraguzan bam suna cire wa mutum muƙamuƙi ko hanci ya rayu a haka. Wani likita haifaffen New Zealand, Harold Gillies, ya samu aka buɗe asibiti na musamman a Sidcup da ke Ingila a 1917, inda aka yi wa sojoji dubbai aikin fuska. Dabarun dasa fata da aka yi wa 'yata daga irin wannan wuri suka bunƙasa. Sai daga baya masu kuɗi da taurarin fim suka ga cewa hannun da ya gyara fuskar soja zai iya miƙe musu hanci. Gyara ne uwa, kwalliya 'ya ce. Amma yau 'yar ta fi uwar suna.

A Najeriya akwai ranar da ta sa sunan ya ƙara ɓaci. Wata huɗu da 'yan kwanaki bayan ƙaddamar da NHIS, ranar 23 ga Oktoba 2005, uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a ƙasar Sifen bayan tiyatar rage kitse, saura makonni ta cika shekara 60. Waɗanda suka yi wayo lokacin za su tuna, a daren da ya gabata ne jirgin Bellview ya faɗi a jihar Ogun da mutum 117. A 2009 wata kotu a Malaga ta samu likitan da laifin sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ta dakatar da shi daga aiki. Tun daga nan, a kunnen ɗan Najeriya, wannan tiyata ta zama ta manya masu neman abin da Allah bai ba su ba. Darasin da ya kamata mu ɗauka, wato tiyata ba ta san matar shugaban ƙasa ba balle talaka, shi kuma ya bi iska.

SAKKWATO DA BABBAR RUGA

Alhali a nan Arewa, masu buƙatar wannan sashe ba masu neman ado ba ne. Akwai cutar noma, wadda ba ta da alaƙa da noman gona. Tana farawa kamar ciwon dasashi a bakin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 da yunwa ko ƙyanda ta raunana, cikin kwanaki ta cinye kunci da leɓe da hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa in ba a yi magani ba, har 9 cikin 10 na iya mutuwa. Wanda ya tsira kuma wani baki ya kulle, ci da magana su gagara, a ɓoye shi a ɗaki. A 1999, shekarar da aka yi dokar NHIS, aka buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato. Ƙungiyar likitocin MSF ta shigo tana tallafa masa tun 2014. Maƙwabtanmu na Damagaram ma suna da cibiyar da wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan ke kula da irin waɗannan yara. Najeriya ce ta jagoranci neman a sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a Disamba 2023.

A Sakkwato ba a ɗaukar yaro daga mota a kai shi ɗakin tiyata. Sai an ciyar da shi ya yi ƙwari, an auna jininsa, an tabbatar zai iya ɗaukar allurar barci. Ciyarwar, da gwajin, da aikin, duk kyauta, domin sun san in ka ce uba ya biya gwaji, to ka hana aikin ke nan.

Haka a Babbar Ruga da ke Katsina. Asibitin kutare ne a da. Wani likita ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya zo a 1983 don aikin kuturta, ya tarar da mata masu yoyon fitsari ba mai kula da su, ya koma yi musu aiki. Wurin ya zama cibiyar ƙasa ta wannan ciwo, an yi wa mata dubbai aiki, an horar da likitoci daga ƙasashe da dama. Masu tsagaggen leɓe kuma ƙungiyar Smile Train ke ɗaukar nauyin aikinsu a asibitoci da yawa na ƙasar nan.

Ku lura da abu ɗaya. Duk waɗannan ayyuka na gyaran halitta, shekara da shekaru baƙi da ƙungiyoyin agaji ne suka riƙe su. Allah Ya saka musu. Amma mai agaji yana iya naɗe tabarmarsa gobe, kuma yaron da ya ƙone a kasko ba shi da wata ƙungiya ta musamman.

DAGA 2014 ZUWA YAU

An samu motsi. A 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Jihohi suka fara kafa nasu hukumomin. Katsina ta yi dokar KATSCHMA a 2018, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, Kano ma tana da tata. A watan Mayu 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta soke NHIS ta kafa NHIA, ta mayar da inshorar lafiya wajibi a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don marasa ƙarfi, waɗanda a lokacin aka ce sun kai miliyan 83. Mutumin Daura da aka tado maganar a mulkinsa na soja, shi ya sa hannu bayan shekara 38. A 2024 kuma NHIA ta fara biyan kuɗin aikin yoyon fitsari. Wannan ya nuna jerin "ba ya ciki" ba wahayi ba ne, mutane suka rubuta, kuma suna iya gyarawa.

A Amurka ma da doka aka gyara. Kamfanoni sun daɗe suna cewa sake gina nonon matar da aka yanke wa saboda ciwon daji kwalliya ce. A 1998 aka yi dokar da ta tilasta wa duk inshorar da ta biya yankewar ta biya gyaran.

Duk da haka, har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya yake fita, kuma mafi yawan mutanenmu a ƙauyukan Zango da Baure da Mai'aduwa ba su taɓa riƙe katin inshora ba.

TO, GWAJIN FA?

Amsar tambayar da aka yi ita ce: gwaji yana bin aikin da aka yi shi dominsa. In aikin ado ne zalla, gwajin ma daga aljihunka. In kuma kana da hawan jini ko ciwon suga, likita ya rubuta gwaji saboda ciwon, wannan haƙƙinka ne ko da tiyata ko babu. In aikin na dawo da amfanin gaɓa ne, a nan ake kokawa, kuma abin da likita ya rubuta shi ke raba gardama.

Gwajin nan ba neman kuɗi ba ne. Ana auna yawan jini don a san ko za ka jure zubarsa. Ana duba rukunin jini don a tanadi na ƙari. Ana duba sikila, abin da ya yi yawa a cikinmu, domin allurar barci da ƙarancin iska na iya tayar da ciwon. Ana duba suga saboda mai suga ciwonsa ba ya saurin warkewa, ana duba ƙoda saboda ita ke tace magunguna, ana duba ciwon hanta da ƙanjamau. Mai shekaru a ƙara masa gwajin zuciya da hoton ƙirji, mace a duba ko tana da ciki. Duk wurin da ya ce miki zo yau a yi gobe ba tare da waɗannan ba, 'yar'uwa ki ɗauki takalminki. A 2020 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya sai da ta rufe wani asibitin gyaran jiki a Legas bayan koke-koke.

Ra'ayina, kuma kowa yana da nasa: kada a taɓa kuɗin leburan ƙaramar hukuma a biya wa wata ƙarin mazaunai. Amma a rubuta ɓaro-ɓaro a cikin ƙa'idojin inshora, na tarayya da na jiha, cewa ƙuna, da noma, da tsagaggen leɓe, da raunin hatsari, da gyara bayan ciwon daji magani ne, gwajinsu ma magani ne. Bambancin da malamanmu suka fitar daga hancin Arfajatu ya isa ma'auni. A kuma koya wa yaran da ke kan teburi wannan bambanci, don kada kalma guda ta riƙa mayar da mutane gida. Ƙungiyoyin ƙwadago da ke zama a kan maganar abin da ake yanka mana su sa wannan a cikin buƙatunsu, 'yan majalisarmu na shiyyar Daura ma su ji.

Ga wanda abin ya sama, ga abin da na koya da kuɗina. Ka roƙi likita ya rubuta abin da gaɓar ta kasa yi, kamar "ba ta iya riƙe abu" ko "ba ya iya tauna", kada ya tsaya ga sunan sashe. Ka nemi lambar izini kafin a ɗebi jini, don in ka riga ka biya, dawo da kuɗi sai an sha wuya. In an hana ka, ka ce a ba ka a rubuce, ka kai ƙorafi ofishin hukumar da ke sama da su. Ka adana kowane rasit.

Mu dai da na koma, likitan ya girgiza kai ya ce, "Malam, ba kai ne farau ba." Ya rubuta wasiƙa shafi guda, ya haɗa da hoton hannun. Sai da aka yi mako bakwai kafin izini ya fito. Kafin nan gwaje-gwajen farko da na biya da kusan rabin albashina sun tsufa, sai da aka sake wasu, yarinya kuma ta rasa zangon karatu guda. An yi aikin, Alhamdu lillahi. Yatsa ɗaya bai miƙe duka ba har yau, amma da hannun take rubutu, rubutun ma ya fi nawa kyau. Ni ma'aikaci ne, na san ƙofar ofis, na san yadda ake rubuta takardar koke. Wanda nake tunawa shi ne manomin da aka ce wa "ba ya ciki" ya ce to, ya goya ɗansa ya koma ƙauye.

Hunturu na tafe, a kula da yara wajen wuta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Wanda ya ga kuskure a abin da na rubuta ya gyara mini, wanda ya ga amfani ya tura wa wani.

Wassalam.